Jariran Biyafara: Yadda aka ƙulla harin ramuwar gayya da ƙananan jirage biyar

Idan malamin Tarihi ko na Gwamnati ya iso kan yaƙin basasar Najeriya, abin da akasarin ɗalibai ke kwashewa zuwa ɗakin jarrabawa bai taka kara ya karya ba: an fara ranar 6 ga Yuli 1967, an gama ranar 15 ga Janairu 1970, Gowon a wannan ɓangare, Ojukwu a wancan. Da wuya a ji an ambaci sama. Alhali kuwa an gwabza a sararin samaniya, kuma farkon wannan labari a nan Arewa yake, a filin jirgin saman Kano.

A wannan makon mun ɗauko muku labarin wasu jirage biyar da suka kai hare-hare huɗu cikin mako guda a watan Mayu 1969. Kowane ɗayansu, in babu kaya a ciki, bai fi Keke Napep nauyi ba. Waɗanda suka far wa kuwa jiragen yaƙi ne da suka ninka su gudu har sau huɗu da ɗoriya. Kowane hari 'yan mintuna ya ɗauka, amma shirinsa ya ci watanni. Shirin ne muke so mu buɗe muku, domin a cikinsa akwai lissafin da kuke yi a aji, akwai kuma wani lissafi da masu shirin suka bari a baya.

Akwatuna a filin jirgin Kano

Mu ɗan waiwaya a gurguje. A juyin mulkin 15 ga Janairu 1966 aka kashe Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello da Firayim Minista Abubakar Tafawa Balewa da wasu manyan 'yan siyasa da hafsoshin soja. Ranar 29 ga Yuli aka yi juyin mulki na biyu. A wannan shekara kuma aka kashe dubban 'yan ƙabilar Ibo a garuruwan Arewa, saura suka kwashe suka koma gida Gabas. Ranar 27 ga Mayu 1967 Yakubu Gowon ya raba ƙasar zuwa jihohi 12. A wannan rabo ne Jega da Aliero da Maiyama suka faɗa Jihar Arewa maso Yamma mai hedikwata a Sakkwato, don kuwa Jihar Kebbi sai a 1991 aka ƙirƙiro ta. Bayan kwana uku, Odumegwu Ojukwu ya shelanta ɓallewar Jihar Gabas da sunan Biyafara.

Lokacin da yaƙi ya ɓarke, rundunar sojan saman Najeriya jaririya ce. A 1964 aka yi dokar kafa ta, Jamusawa suka horar da matasanta a Kaduna, kuma ba ta da jirgin yaƙi na gaske ko guda. Biyafara ce ta riga ta. Ta samo wani tsohon jirgi ƙirar B-26, ragowar zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, ta ɗauko sojan haya ɗan ƙasar Folan mai suna Jan Zumbach ya tuƙa shi. Bama-baman da yake ɗauka ƙirar gida ne. Da wannan jirgi aka kai wa filin jirgin Makurɗi hari a watan Yuli 1967.

Gwamnatin Gowon ta nemi Birtaniya da Amurka su sayar mata da jiragen yaƙi, suka ƙi. Tarayyar Sobiyet ta ce ta ji ta gani. A watan Agusta 1967 manyan jiragen dakon kaya suka riƙa sauka a Kano ɗauke da jiragen yaƙi ƙirar MiG-17, a wargaje, sai an harhaɗa. Zaɓen Kano ba da ka aka yi shi ba. Filinta babba ne, tana bakin hanyar da ta ratso Sahara daga Masar, kuma tana nesa da fagen daga.

Nisan bai hana ba. Daga Inugu zuwa Kano ya haura kilomita 600 a miƙe, amma cikin wannan wata B-26 ya taso ya kai wa filin jirgin Kano hari. Dalilin a fili yake: jirgin yaƙi, komai gudunsa, muddin yana ƙasa to ƙarfe ne kawai a ajiye. Ba ya gudu, ba ya harbi. Sai dai tsohon jirgi guda da bam ɗin gida ba su isa su tsayar da aikin ba. Cikin 'yan makonni jiragen MiG suka hau sama, ranar 4 ga Oktoba 1967 kuma sojojin tarayya suka kama Inugu. Amma ku riƙe wannan dabara ta afka wa jirgi yana ƙasa, don za ta dawo.

Abin da ya hura wutar

Daga 1968 sama ta zama ta gwamnatin tarayya. An ƙaro jirage masu ɗaukar bam ƙirar Il-28, kuma da farko akasarin matuƙan Misirawa ne. Tun farkon yaƙi Gowon ya fitar da rubutacciyar ƙa'idar aiki ga sojojinsa, wadda ta hana taɓa mata da yara da asibitoci da makarantu. Duk da haka bama-bamai sun faɗa wa kasuwanni da asibitoci a yankin Biyafara. A watan Fabrairu 1969 an jefa bam a kasuwar Umuohiagu da ke kusa da Owerri, rahotannin lokacin suka ce mutum ɗaruruwa ne suka mutu. Duk wanda ya san yadda kasuwar Jega ke cika ranar da take ci, ba sai an yi masa bayanin abin da bam guda zai yi a irin wannan wuri ba. Maganar ta kai har Firayim Ministan Birtaniya Harold Wilson ya zo Legas a ƙarshen Maris 1969, kuma batun jefa wa farar hula bam na cikin abin da ya tattauna da Gowon.

A ƙasa kuma yunwa ce ke kisa fiye da harsashi. Tun da aka ƙwace Fatakwal a watan Mayu 1968 Biyafara ta rasa hanyar teku. Ƙofa ɗaya ta rage, wato Uli, inda aka faɗaɗa wani yanki na titin mota aka mai da shi filin jirgi. Da dare jiragen coci-coci da na ƙungiyar Red Cross ke sauka da abinci da magani domin yaran da tamowa ta kama. Ta wannan fili dai jiragen makamai ke sauka, abin da ya sa Legas ba ta taɓa sakin jiki da jigilar ba.

Cikin matuƙan agajin akwai wani dattijo ɗan ƙasar Suwidin, Carl Gustaf von Rosen, haifaffen 1909. Ya yi jigilar majinyata a Habasha lokacin da Italiya ta mamaye ta a 1935, ya taya Finland yaƙi da Sobiyet, daga baya ya shafe shekaru yana horar da sojan saman Habasha. A watan Agusta 1968, lokacin da wasu matuƙa suka ja da baya saboda tsoron harbi, shi ne ya ɗauko jirgin agaji daga tsibirin Sao Tome ya bi ƙasa-ƙasa har ya sauka a Uli. Abin da ya gani na bama-bamai a kan farar hula ya tunzura shi, ya je wa Ojukwu da shawarar a rama.

Manufa daban, tsarin aiki daban

Sojoji na raba shiri gida biyu. Akwai babbar manufa, wato me ake son cimmawa. Akwai kuma tsarin aiki, wato da me, ta ina, yaushe, da wa. Ɗan kasuwar albasa a Aliero ya san wannan bambanci ko da bai taɓa jin sunansa ba. Manufarsa ita ce kayansa su isa kasuwar Kudu kafin farashi ya karye. Tsarin aikinsa kuwa shi ne wace mota, wane direba, buhu nawa za ta ɗauka, man dizal na nawa, ta Yawuri za a bi ko ta wata hanya. Mota na iya isa lafiya lau a tarar kasuwa ta faɗi. Wato tsari ya yi kyau, manufa ba ta cika ba.

Manufar von Rosen, kamar yadda ya riƙa faɗa wa 'yan jarida, ita ce a dakatar da ruwan bama-bamai a kan farar hula, a kuma sauƙaƙa wa jiragen agaji. Ƙarƙashin wannan akwai wata buƙatar da ba ta rabuwa da harin ramuwa a ko'ina: a nuna wa mutanen gida cewa har yanzu ana iya mai da martani. Biyafara na matuƙar buƙatar hakan, don ranar 22 ga Afrilu 1969 ta rasa Umuahia, hedikwatarta ta biyu.

Da wannan manufa, abin da za a kai wa hari ya fito da kansa. Ba barikin soja ba ne, ba kasuwa ba ce, jiragen ne da kansu, kuma a lokacin da suke ajiye a ƙasa. Dabarar Kano ke nan ta dawo.

Saura tambayar da ta fi wuya: da wane jirgi? Mai saurin tunani zai ce a sayo jiragen yaƙi irin na abokin gaba. To, ina kuɗin? Ko an samu kuɗin, irin wannan jirgi na son dogon titi mai kwalta, da mai mai yawa, da ƙwararrun makanikai. Ga shi ƙasar da ta rage a hannun Biyafara ta tsuke, duk inda aka ajiye babban jirgi za a hango shi daga sama a ragargaza shi washegari. Sai von Rosen ya juya tunanin. Maimakon jirgin da ya fi na abokin gaba ƙarfi, a nemi wanda abokin gaba ba zai gani ba.

A garin Malmo na ƙasarsu akwai kamfanin da ke ƙera wani ɗan jirgin koyon tuƙi mai kujera biyu, MFI-9B. Faɗin fukafukansa bai kai mita bakwai da rabi ba. Injinsa mai ƙarfin doki 100 ne, bai fi na ƙaramar motar gida ba. Yana iya tashi daga gajeren fili na turɓaya, in ya sauka kuma mutum uku ko huɗu sun isa su tura shi ƙarƙashin itatuwa. Aka sayi guda biyar a matsayin jiragen farar hula, don da an ambaci yaƙi gwamnatin Suwidin ba za ta bari su fita ba.

Lissafin kilo da lita

A nan muke so masu son Lissafi da Fiziks su gyara zama. Nauyin wannan jirgi ba kaya kusan kilo 340 ne, wato kamar buhun siminti bakwai. Iyakar nauyin da aka ƙayyade masa ya tashi da shi kilo 575 ne. Ku ɗebe 340 daga 575, saura 235. A cikin wannan kilo 235 ne za a cusa matuƙi da mai da makami.

Mu ce matuƙin kilo 80 ne. Saura 155. Kowace lita ta man jirgi ta ɗan haura kilo 0.7, saboda haka lita 100 kaɗai za ta cinye fiye da kilo 70. Abin da ya rage shi ne rabon makami. Kun ga ke nan duk litar da aka ƙara don a yi nisa, an rage abin harbi, duk makamin da aka ƙara kuma an rage nisan tafiya. Shi ya sa kujera ta biyu ta tafi ba kowa, kowane matuƙi shi kaɗai ne a jirginsa, shi ke tuƙi, shi ke duba taswira, shi ke harbi. Shi ya sa kuma ba a yi maganar manyan bama-bamai ba. Aka zaɓi ƙananan rokoki ƙirar Faransa masu kaurin milimita 68, shida ƙarƙashin kowane fiffike. Goma sha biyu a jirgi ɗaya, jirage biyar, roka 60 ke nan a kowace fita. Iyakarta ke nan.

Hanyar da jiragen suka bi ma shiri ce. Daga Suwidin aka kai su Faransa, inda aka daidaita musu mazaunin rokoki, don Faransa a ƙarƙashin Janar de Gaulle na taimakon Biyafara ta bayan fage. Daga nan aka kwashe su a wargaje zuwa Gabon, ɗaya daga cikin ƙasashen Afirka huɗu da suka amince da Biyafara a 1968, tare da Tanzaniya da Kwaddebuwa da Zambiya. A wani ɓoyayyen fili a dajin Gabon aka harhaɗa su, aka shafe su da koren fentin mota kala biyu don su saje da daji, aka gwada harbi. Matuƙa biyar ne: von Rosen da 'yan ƙasarsu biyu, Gunnar Haglund da Martin Lang, sai 'yan Biyafara biyu, August Okpe da Willy Murray-Bruce. 'Yan jarida suka laƙaba wa jiragen sunan da ma'anarsa ita ce Jariran Biyafara.

Tsakanin Gabon da gaɓar tekun Najeriya akwai tafiyar fiye da kilomita 500, akasarinta kan ruwa. Babu tauraron ɗan Adam mai nuna hanya kamar na wayoyin yau. Taswira ce da kamfas da agogo. Jirgin da ke gudun kilomita 200 a awa yana cin kilomita uku da ɗoriya kowane minti, don haka matuƙi na duba agogo ya san inda ya kamata a ce ya iso. Matuƙa suna da wata ƙa'ida mai sauƙi: in ka kauce da digiri ɗaya tak, bayan kilomita 60 za ka tarar ka yi gefe da kilomita ɗaya. Ku lissafa da kanku, a tafiyar kilomita 500 kuskuren digiri ɗaya ya kai mutum gefe da fiye da kilomita takwas. Ga iska na turawa. Darasin kusurwa da ake hamma a kansa bayan tara, a nan shi ne tsakanin isa da faɗawa teku.

Sai dabarar isa wurin ba a gani ba. Jiragen sun riƙa tafiya dab da kan itatuwa. Na'urar hango jirage, wato rada, a miƙe take aika saƙonta, saboda haka abin da ya yi ƙasa sosai yakan ɓuya mata a bayan tudu da daji da lanƙwasar duniya. Daji kuma na shanye ƙarar ɗan ƙaramin inji, kafin mai bindigar kakkaɓo jirage ya ji, jirgin ya riga ya iso kansa. An kashe rediyo, ba mai magana da wani. Ko da MiG ya tashi, gudunsa na sama da kilomita 1,000 a awa ya zame masa cikas, don kafin ya daidaita bindiga kan abin da ke rarrafe a kan itatuwa ya wuce shi, kafin ya yi kwana ya dawo kuma ɗan jirgin ya ɓace. Rokokin ba su da na'urar bin abin hari. Hancin jirgi ake saitawa, a matso kusa, a harba, a juya. Ba a tsayawa zagaye na biyu ana neman suna.

Abu na ƙarshe shi ne sanin wuri. Filayen Fatakwal da Inugu a hannun Biyafara suke kafin a ƙwace su, don haka akwai waɗanda suka san inda hasumiya take, da inda ake ajiye jirage, da inda tankunan mai suke.

Mako guda a watan Mayu

Ranar Alhamis 22 ga Mayu 1969 suka faɗa wa filin jirgin Fatakwal. Ranar 24 ga wata sai na Benin. Ranar 26 sai Inugu. Ranar 28 kuma tashar wutar lantarki ta Ughelli. Kamar yadda aka saba a kowane yaƙi, Biyafara ta kambama ɓarnar, Legas ta rage mata kaifi. Abin da ba a musu a kai shi ne an lalata ko an raunata jiragen MiG-17 da Il-28 suna ajiye, kuma a wannan mako ba a harbo ko ɗaya daga cikin biyar ɗin ba. Ɗan hakin da aka raina ya tsone ido.

In dai ta fuskar tsarin aiki ne, mu a ganinmu babu abin kushewa. Nauyi ya daidaita, mai ya isa, sirri bai fasu ba, an isa inda aka nufa. Amma ku lura da hari na huɗu. Tashar lantarki ba ta jefa wa kowa bam ba. Cikin kwana shida manufa ta soma zamewa daga hana jirage tashi zuwa gurgunta tattalin arziki. A watannin da suka biyo baya, da aka ƙaro irin waɗannan jirage, rijiyoyi da tankunan man fetur na yankin Neja Delta ne suka zama babban abin hari.

Lissafin da aka bari a baya

Hausawa na cewa ramuwar gayya ta fi gayya zafi. Abin da karin maganar bai faɗa ba shi ne wanda aka rama a kansa shi ma yana da hannu. A idon Legas, ga mutumin da jiya yake tuƙa jirgin agaji, yau ya dawo da rokoki, kuma ta Gabon, ɗaya daga cikin wuraren da jiragen da ke shiga Uli ke tasowa. Zargin da ta daɗe tana yi cewa agaji da makami tafiyarsu ɗaya ya samu ƙafar tsayawa.

Mako biyu cif bayan harin Fatakwal, da yammacin 5 ga Yuni 1969, wani MiG-17 ya harbo jirgin Red Cross ƙirar DC-7 a kusa da Eket, yana ɗauke da kayan agaji zuwa Uli. Mutum huɗun da ke ciki duk suka mutu. Marubuta tarihin yaƙin da dama na ɗaukar wannan a matsayin martani ga hare-haren von Rosen. A tsakiyar watan gwamnati ta kori August Lindt, jagoran aikin agajin Red Cross, ranar 30 ga Yuni kuma ta karɓe ragamar shirya agaji daga hannun ƙungiyar. Jigilar Red Cross ta dare ta tsaya. Jiragen coci-coci sun ci gaba cikin haɗari, amma abincin da ke shiga ya ragu ƙwarai a makonnin nan, a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya riga ya ƙare. Harin da aka tsara don kare farar hula da jiragen agaji ya zama sanadin da aka toshe wani babban ɓangare na agajin.

Ta fuskar soja ma bai juya akalar yaƙi ba. Sojan sama ya ƙara bindigogin kakkaɓo jirage a filayensa, ya shiga farautar ɓoyayyun filayen daji, jiragen da aka rasa kuma aka maye gurbinsu. Sojojin ƙasa, waɗanda da yawansu 'ya'yan Arewa ne har da na ƙasar Zuru da Yawuri da Gwandu da Argungu, suka ci gaba da matsawa. A watan Janairu 1970 Ojukwu ya tashi daga Uli zuwa Kwaddebuwa, mataimakinsa Philip Effiong ya miƙa wuya. Ƙiyasin waɗanda suka mutu a yaƙin ya kama daga rabin miliyan zuwa miliyan biyu, akasarinsu yunwa ce ta kashe su.

Ba a Najeriya aka fara ganin irin wannan ba. Bayan Japan ta kai wa Amurka hari a Pearl Harbor ranar 7 ga Disamba 1941, Amurka ta shirya ramuwa a ƙarƙashin Laftanar Kanar James Doolittle. Su ma lissafin kilo da lita suka yi: suka cire wasu bindigogi daga jirage 16 ƙirar B-25, suka cusa tankunan mai, don su iya tashi daga kan jirgin ruwa su kai Tokyo su wuce Sin. Ranar 18 ga Afrilu 1942 wani jirgin sintirin Japan ya hango su, dole suka tashi tun ba su kai inda aka tsara ba. Sun jefa bama-bamansu, mai ya ƙare, jirage 15 suka faɗi a Sin ko gaɓar tekunta, ɗaya ya sauka a Sobiyet. Ɓarnar da suka yi wa Tokyo kaɗan ce, murna a Amurka kuwa ba a magana. Waɗanda suka biya kuɗin su ne ƙauyawan Sin da suka ɓoye matuƙan, don sojojin Japan sun bi yankunan Zhejiang da Jiangxi suka kashe dubun dubatar mutane.

Wannan na cikin dalilan da suka sa a 1977, da aka yi wa yarjejeniyoyin Geneva ƙari, aka rubuta ƙarara cewa haramun ne a kai wa farar hula hari da sunan ramuwa, kuma wajibi ne mai shirya hari ya tabbatar da abin da zai harba, ya auna abin da zai shafi mutanen da ba ruwansu.

Kada ku ɗauka wannan tsohon zance ne. A watan Nuwamba 2024, da Lakurawa suka kashe aƙalla mutum 15 a garin Mera na Ƙaramar Hukumar Augie, duk mun ji yadda zukata suka tafasa a jihar nan. A irin wannan lokaci kiran da ke fitowa daga majalisar shayi har zuwa rediyo ɗaya ne: a turo jirage. Kiran yana da hujja, don wanda aka kashe wa ɗan'uwa ba a ce masa ya yi shiru. Sai dai wanda ke sama ba ya ganin fuska, taron mutane kawai yake hangowa. A Rann ta Jihar Borno, ranar 17 ga Janairu 2017, jirgin soja ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira bisa kuskure, cikin mamatan har da ma'aikatan Red Cross. A Tudun Biri ta Jihar Kaduna, ranar 3 ga Disamba 2023, jirgi marar matuƙi ya faɗa wa masu Mauludi, hukumar agajin gaggawa ta ƙasa ta ce aƙalla mutum 85 ne suka rasu. A wuraren biyu makamin ya faɗa daidai inda aka saita shi. Bayanin wanda ke wurin ne ya zo a karkace. Wasunku za su shiga makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna, wasu za su karanta injiniyanci a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, kuma irin wannan tebur na shiri ne zai iya jiran wasu daga cikinku.

Shi von Rosen bai mutu a Najeriya ba. Ya koma Habasha a shekarun 1970 lokacin fari, yana amfani da ƙananan jirage 'yan gidan su MFI-9B yana jefa wa ƙauyukan kan duwatsu buhunan abinci daga ƙarƙashin fiffike, daidai inda a da ake rataye rokoki. An kashe shi ranar 13 ga Yuli 1977 a garin Gode, a wani hari da aka kai ta ƙasa a farkon yaƙin Ogaden. August Okpe ya rayu, ya ci gaba da aikin jiragen sama a Najeriya bayan yaƙi, har ya rubuta littafi a kan abin da ya gani. Wanda kuma Allah ya kai shi Umuahia, ko da bautar ƙasa ce ta kai shi, ya leƙa gidan tarihin yaƙi na ƙasa da ke garin. A filinsa akwai MiG-17 da Il-28 a ajiye, kusa da su kuma ga ɗaya daga cikin Jariran Biyafara.